Wanda Ya Yi Musun Ubangiji A Daji, Ya Rasa Cetonsa Ke Nan?

Muna rubuto wannan daga nan ƙasar Gobir, a gabashin Jihar Sakkwato, inda iyakarmu ta haɗu da ta Jamhuriyar Nijar.

A can ƙarshen ƙaramar majami'armu, dab da ƙofa, akwai wani benci wanda mata masu goyo ne suka saba zama a kai, domin in yaro ya fara kuka su fita da sauri. Wata biyar cur wani magidanci ya yi yana zama a kan wannan benci. Yakan shigo bayan an fara waƙar farko, ya fice kafin a sa albarka. Ranar da limami ya sami zuwa aka yi Jibin Ubangiji, jama'a na ta tashi layi layi zuwa gaban bagade, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai har a gama. Alhali mutum ne da a da shi ke karanta nassi a gaban jama'a, shi ke riƙe da littafin baiko. Ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba. Shi ne dai ya yarda mu ba da labarinsa, da fatan zai amfani wani.

Wanda bai san wannan yanki ba sai mun ɗan yi masa bayani. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa ƙasar Gobirawa ce, jikokin mutanen Alkalawa, birnin nan da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808. Kusan kowa a nan Musulmi ne. Mu Kirista 'yan kaɗan ne, yawancinmu aiki ko kasuwanci ya kawo mu ko ya kawo iyayenmu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, makanikai, masu shagon magani. Shekarun nan kuwa ba wanda bai ji irin wahalar da 'yan bindiga suka jefa wannan ƙasa a ciki ba. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari da ƙauyukan da ke kusa da su. A watan Disamba na 2021 aka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni kusa da ƙauyen Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki, hukuma ta ce mutum 23 ne suka mutu. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa kansa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka sace a watan Yuli, aka kashe shi a hannunsu a watan Agusta. Dubban mutane sun tsallaka iyaka suna gudun hijira a jihar Maraɗi.

Dole mu faɗi gaskiya a nan: mafi yawan waɗanda aka kashe ko aka sace Musulmi ne, makwabtanmu ne. Ɗan bindiga kuɗi da shanu yake nema, ba ya tambayar inda mutum ke ibada kafin ya ƙone masa rumbu. Amma Kirista in ya faɗa hannunsu yana da wani tsoro ƙari a kan na kowa, wato yana tambayar kansa, in suka gane ni, za su bar ni da rai kuwa?

Wannan tsoro ne ya kama ɗan'uwan namu. Yana dawowa daga sarin kaya aka tare motarsu, aka kora su daji da ƙafa. A nan aka haife shi, Hausarsa ta Gobir ce tsantsa. Da aka fara tambayar sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi bai san lokacin da wani suna na daban ya fito daga bakinsa ba. Wani yaro mai bindiga, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai yarda ba, ya yi kalmar shahada a ji. Ya yi. Daga ranar har mako bakwai da ya yi a ɗaure, in sauran sun tashi salla shi ma sai ya tashi. A cikin waɗanda aka kama akwai wani dattijo Bagobiri, mai sayar da wake, wanda ya san shi sarai, ya san har majami'ar da yake zuwa. Dattijon nan bai tona shi ba. Da dare yakan raɗa masa yadda ake alwala don kada a gane. Da aka zo haɗa kuɗin fansa, ikkilisiya ta ba da abin da take da shi, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, makwabta Musulmi ma suka sa hannu. Ya dawo gida ƙashi da fata, mun yi addu'ar godiya, muna tsammanin maganar ta ƙare.

Ba wanda ya san abin da ya faru sai shi da dattijon nan. Da ya ga dama da ya yi shiru har abada. Wata rana da la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a ƙasa ya ce, "Malam, ni fa na riga na ɓata. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya ya ce in bar Yesu. Ni da kaina na yi sauri na sayar da shi tun ba a taya ba. Ka gaya mini gaskiya, kada ka lallashe ni, akwai sauran wuri domina?"

Muka ba shi amsar da za mu iya a ranar. Da izininsa kuma muka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, nan fa ta rabu biyu. Wani dattijo da dukanmu muke kira Baba, tsohon malamin makaranta wanda ya sha wuya saboda bangaskiyarsa tun ba a haife mu ba, ya buɗe Matiyu 10:33, inda Ubangiji ya yi gargaɗi cewa yadda mutum ya yi da sunansa a gaban mutane, haka shi ma zai yi da sunan mutumin a gaban Uba. Ya ƙara da Ibraniyawa 6:4-6. Sai ya tuna mana da Leah Sharibu. In ba a manta ba, a ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, Jihar Yobe. Bayan wata guda aka sako sauran da suka rayu, ita aka riƙe ta, domin kamar yadda 'yan'uwanta ɗalibai suka faɗa, ta ƙi barin bangaskiyarta. Shekararta 14 a lokacin. Baba ya ce, "Yarinya ta tsaya, ƙato mai 'ya'ya huɗu ya kasa? In muka mayar da shi teburin Ubangiji, me za mu gaya wa yaranmu ranar da tasu ta zo?"

Wani saurayi mai koyar da 'yan makarantar Lahadi ya tashi da nasa ayoyin, Yahaya 10:28-29 da ƙarshen Romawa 8, waɗanda ke nuna cewa ba mai iya fizge tumakin Almasihu daga wurinsa, ba kuma wata wuya da ke iya shiga tsakaninmu da ƙaunar Allah. A ganinsa ba ma abin tattaunawa. Wanda ya sami ceto ya samu ke nan, ɗan'uwa ya tashi ya karɓi Jibi ran Lahadi, a daina wahalar da shi.

Muka tashi ba a shirya ba. Mu kuwa muka koma gida muka kaɗe ƙurar littattafan da muka yi amfani da su a makarantar Littafi Mai Tsarki, domin mun tuna cewa wannan gardama ba a Gobir aka fara ta ba, a nan nahiyarmu ta Afirka ma aka fi zafafa ta.

A shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu, Sarkin Rum mai suna Disiyus ya ba da umarni kowane mutum a daularsa ya yi hadaya ga gumaka a gaban jami'an gwamnati, a ba shi takardar shaida. Masu tonon tarihi sun samo fiye da arba'in na irin waɗannan takardu a ƙasar Masar. A birnin Kartej, wanda kufansa ke ƙasar Tunisiya ta yau, Kirista da yawa suka faɗi. Waɗansu sai da aka azabtar da su, waɗansu kuwa da ƙafarsu suka ruga kasuwa tun ba a kira su ba. Akwai kuma kashi na uku, masu wayo, waɗanda ba su yi hadayar ba amma suka ba jami'i toshiya ya rubuta musu takardar cewa sun yi. Duk wanda ya saurari labarin ɗan'uwanmu zai ga kamarsa a cikinsu: a zuciya bai bar Almasihu ba, amma ya bar wa duniya shaidar cewa ya bari.

Da tsananin ya lafa, waɗannan mutane suka dawo ƙofar majami'a suna kuka. Bishop na Kartej a lokacin shi ne Kifriyanus, wanda shi ma ɓuya ya yi lokacin tsananin, har ana yi masa gori. Ya sami kansa tsakanin ƙungiya biyu, daidai irin namu. Waɗansu suna raba wa faɗaɗɗu takardun gafara kamar goron biki, ba tuba ba tambaya. A birnin Rum kuma wani limami mai ilimi, Nobatiyan, ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi musu, ko da zai yi kuka har ya mutu. A taron bishop-bishop na 251 a Kartej aka ƙi bin ko ɗaya daga cikinsu. Aka ce a duba kowane mutum da yadda ya faɗi. Masu sayen takarda a karɓe su bayan sun nuna tuba, waɗanda suka yi hadaya kuwa su daɗe cikin horo, amma kada a bar ko ɗaya ya mutu ba a sulhunta shi ba. Ba da daɗewa ba aka ji ƙishin-ƙishin wani tsanani na tafe, sai suka sāke zama suka ce a karɓi dukan masu tuba nan take. Dalilinsu shi ne abin da ya fi taɓa mu: ta yaya za ka ce wa mutum ya je ya zub da jininsa saboda Almasihu, alhali ka hana shi ƙoƙon jinin Almasihu? Nobatiyan ya ware da mutanensa, ikkilisiya ta yanke cewa koyarwarsa kuskure ce. Kifriyanus kuwa, da aka yi wa gorin tsoro, an fille masa kai saboda bangaskiya a watan Satumba na 258.

Babban taron Nikiya na 325 ma ya taɓo batun. Ya sa wa waɗanda suka yi musu ba tare da an tilasta musu ba horon shekara 12, ya kuma ce wanda ke bakin mutuwa kada a hana shi Jibi. Shekara 12 ba wasa ba ce, kakanninmu cikin bangaskiya ba su ɗauki musu ƙaramin abu ba. Amma horo mai ƙarshe ne, ƙofa ce mai nauyin turawa, ba katanga ba.

Mu 'yan Angalika muna da namu labarin da bai kamata mu ɓoye ba. Toma Kiranma, Babban Bishop na Kantabiri, wanda ya tsara Littafin Addu'a da asalin sujadarmu ta fito daga ciki, ya sa hannu a takardun janye bangaskiyarsa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, lokacin da Sarauniya Maryamu ta Ingila ta tsare shi. Tsoho ne, tsoron wuta ya kama shi. Ranar 21 ga Maris 1556 a garin Oksfod, aka tsayar da shi ya maimaita janyewar a gaban jama'a, sai ya juya ya ce tsoron mutuwa ne ya sa shi rubuta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Da aka kai shi wurin ƙonawa, hannun daman da ya yi rubutun ya fara miƙa wa wutar. To, duk Lahadi muna addu'a da kalmomin da suka samo tushe daga mutumin da ya yi musu ya dawo.

Yanzu sai mu fuskanci tambayar kanta: mai bi na iya rasa cetonsa? Masu karanta wannan shafi daga ɗarikoki dabam-dabam suke, kuma ba za mu yi kamar bakinmu ɗaya ba. Masu bin koyarwar Kalbin, kamar yadda aka tsayar da ita a taron garin Dot na ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619, sun ce wanda Allah ya sāke haifa da gaske ba zai hallaka ba. Sai dai mutane sukan manta da sauran maganar taron, cewa mai bi na gaske yana iya yin mummunar faɗuwa, har suka ba da misalin Dawuda da Bitrus, kuma alamar cewa na Allah ne ita ce Allah yakan komo da shi ga tuba. Wanda ya tafi bai waiwayo ba, sukan nuna masa 1 Yahaya 2:19, su ce tun farko ba na cikin gida ba ne. Mabiyan Arminiyus da Yahaya Wesli, wanda ya kafa Metodis, sun ce a'a, mutum na iya zama mai bi na gaske ya juya baya da gangan ya hallaka. Amma Wesli ɗin nan dai yana da wa'azi guda da ya keɓe don kiran masu ja da baya su komo. 'Yan'uwanmu Katolika, tun taron Tirent a 1547, suna koyar da cewa babban zunubi na raba mutum da alheri, tuba da furta zunubi ga limami kuma na mayar da shi. Suna kuma la'akari da cewa tsoro da tilas na rage nauyin laifi. Namu kundin, aya ta 16 cikin Ayoyin Bangaskiya 39 na 1571, ya tsaya a kan abu biyu: mutum na iya kauce wa alherin da aka ba shi bayan baftisma, yana kuma iya tashi da taimakon Allah. Ya tsawata wa mai cewa ba zai ƙara yin zunubi ba, ya tsawata wa mai hana tubabbe gafara.

Mai karatu ya lura da wani abu. A aji, waɗannan malamai ba za su taɓa shiryawa ba. Amma ka tsayar da su a ƙofar majami'a, ka kawo musu mutum biyu. Na farko ya yi musu, ya dawo yana kuka. Dukansu za su ce a buɗe masa. Na biyu ya bar Almasihu, hankalinsa kwance, yana cewa ai an yi mini baftisma tun ina yaro. Ba ɗaya daga cikinsu da zai ce masa ka kwana lafiya. Wani zai ce ya rasa abin da ya samu, wani ya ce da ma bai samu ba, amma ramin da suke nuna masa ɗaya ne.

Namu ra'ayin, tun da mai koyarwa ba ya ɓuya a bayan ra'ayin waɗansu, shi ne gargaɗin Littafi Mai Tsarki na gaske ne. Allah ba ya kafa alamar hatsari a inda babu rami. Mutum na iya sakin Almasihu, in kuwa ya mutu a haka, ba mu da wani alkawari da za mu karanta a kansa. Don haka muka ce wa saurayin nan, cikin ƙauna, ayoyinsa gaskiya ne amma ya yi gaggawa. Alkawarin Yahaya 10 na tumakin da ke jin muryar makiyayi suna binsa ne, ba laya ba ce da za a rataya a wuya. Ɗan'uwanmu ya yi zunubi, shi ma ya sani, kuma wanda ya ce masa ba kome ya raina hawayensa.

A nan ne ma muka bambanta da makwabtanmu. Dattijo mai waken nan, da ya ga yadda abin ke cin ɗan'uwanmu, ya zo har gida ya ba shi haƙuri, ya ce a addininsu wanda aka tilasta wa furta kafirci alhali zuciyarsa na nan daram ba shi da laifi, ya ba shi labarin sahabi Ammar ɗan Yasir wanda hakan ta faru da shi a Makka. Mun gode wa wannan bawan Allah, alherinsa ba zai faɗi ƙasa banza ba. Amma mu Ubangijinmu ya haɗa zuciya da baki, Romawa 10:9-10 ba ta raba su ba. Ba mu da hanyar cewa musu ba laifi ba ne. Abin da muke da shi shi ne gafara.

Sai Baba. Da girmamawa muka ce masa, "Baba, mu koma ga wanda aka fara gaya wa Matiyu 10:33." Bitrus yana wurin, da kunnensa ya ji. Shi ne kuma ya yi musu sau uku, har da rantsuwa, ba a gaban bindiga ba, a gaban wata baranya da 'yan jin ɗumi. In da ayar nan na nufin duk wanda bakinsa ya taɓa suɓucewa ya tafi ke nan, to da Bitrus ne na farko a wuta. Amma Luka 22:31-32 ta nuna Ubangiji ya san faɗuwar tun ba ta zo ba, ya yi masa addu'a, har ya ba shi aikin da zai yi wa 'yan'uwansa bayan ya komo. A Yahaya 21, a bakin wata wutar gawayi kamar wadda ya yi musun a gabanta, aka tambaye shi sau uku a kan ƙauna, aka danƙa masa garke. Bayan 'yan makonni shi ne mai wa'azin ranar Fentikos.

Yahuza ma ya yi nadama, kada a manta. Ya mayar da kuɗin, ya furta laifinsa da bakinsa. Sai dai wurin manyan firistoci ya kai nadamar, su kuwa suka nuna masa ba ruwansu, ya je ya ji da ita. Ya fita ya rataye kansa. Kullum muna wa'azi a kan laifin Yahuza, ba safai muke wa'azi a kan amsar firistocin nan ba, alhali ita ce ta fi kusa da mu masu riƙe da makullin majami'a. Manzo Bulus ya san wannan hatsari, shi ya sa a 2 Korantiyawa 2 ya roƙi ikkilisiya ta yafe wa wanda ta hora, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Matar ɗan'uwanmu ta gaya mana akwai daren da ta ɓoye maganin ƙwarin da ke ɗaki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ibraniyawa 6 fa? Aya ce mai ban tsoro, ba kuwa za mu dasashe kaifinta ba. An rubuta wasiƙar ga masu bi 'yan asalin Yahudawa waɗanda aka taɓa ƙwace musu dukiya saboda Almasihu, kamar yadda sura 10 ta nuna, waɗansunsu kuma suna tunanin komawa inda suka fito don su huta. Mutumin da ayar ke kwatantawa ya ɗanɗana alheri, ya san gaskiya, sa'an nan da idonsa biyu ya zaɓi ya tsaya tare da masu wulakanta Ɗan Allah, ya zauna a haka. Abin da aka ce ba ya yiwuwa a kansa shi ne a komo da shi ga tuba. Wato alamar ciwon ita ce rashin tuba. To mutumin da ya kasa barci wata biyar, ya tona asirin da ba wanda ya sani, ya tsuguna a ƙasa yana tambaya ko akwai sauran wuri, wane ne ya kawo shi in ba Ruhu Mai Tsarki ba? Gawa ba ta jin zafin ƙuna.

Game da Leah, muna ɗaukaka Allah saboda ita, muna kuma koya wa yaranmu su roƙi irin ƙarfin da aka ba ta. Amma an ba mu shaidarta don ta ƙarfafa mu ne, ba don mu mai da ita bulala a bayan wanda ya kāsa ba. Ba ɗaya daga cikinmu da ke zaune a taron nan da ya taɓa kwana a ɗaure a dajin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani abu kuma ya dame mu, sai mun faɗe shi ko da zai ɓata wa waɗansu rai. Mun kwashe zama uku a kan mutumin da ya faɗi cikin minti guda na firgita, alhali irin faɗuwar da ta fi cin mutanenmu ba ta da ƙara. Tun da rashin tsaron nan ya tsananta, nawa ne cikinmu suka je wurin boka neman maganin bindiga? Nawa ke waƙa a ƙungiyar mawaƙa da guru a ƙugu, da laya a ɗinke cikin hula? Akwai wanda ciniki ya buɗe masa, ya fara tsallake Lahadi ɗaya, ya koma biyu, yanzu sai Kirsimeti. Akwai wadda ta bar bangaskiya saboda aure, iyayenta na jin kunyar a ambata. Dimas, wanda Bulus ya lissafta cikin abokan aikinsa a wasiƙar Filimon, ba ɗaure shi aka yi ba, 2 Timoti 4:10 ta ce son duniya ne ya janye shi. Ibraniyawa 2:1 tana maganar zamewa a hankali. Duk wanda ya taɓa ganin kwalekwale a Gulbin Rima da damina ya san yadda abin yake: ba sai an tura shi ba, a dai bar igiyar sako-sako, da safe sai a neme shi a rasa. Gargaɗin Ibraniyawa ya fi dacewa da mai irin wannan hali, wanda ba abin da ke damunsa, fiye da mai kuka a bencin baya.

Ga abin da aka yi daga ƙarshe. Limami ya ce ba za a tsayar da ɗan'uwan a gaban jama'a ba, domin a wuri irin namu magana in ta fita ba a san kunnen da za ta faɗa ba, kuma ran dattijo mai wake ma yana ciki. Ya furta laifinsa a gaban limami da dattawa biyu da matarsa. Aka ba mu shi mu bi da shi ta cikin katikisma tun daga farko, kamar mai shirin tabbatarwa, har mako takwas. A ƙarshe ya sāke furta alkawaran baftismarsa. Ba a sāke yi masa baftisma ba ko da yake ya roƙa, domin baftisma ɗaya ce, alkawarin Allah ne a kansa, kuma ba Allah ne ya karya ba. Sai da muka jira ƙarin mako uku kafin hanya ta yi kyau limami ya iso, sa'an nan ya karɓi Jibi.

Baba bai sauya ra'ayinsa duka ba. Har yanzu yana ganin mako takwas ya yi kaɗan, ya kuma ce ba zai yarda a mayar masa da karatun nassi ba sai shekara ta zagayo. Dattawa suka bi shi a kan wannan, mu ma ba mu ja ba. Amma ranar Jibin, da layi ya zo kan bencin baya ɗan'uwan ya kasa tashi, Baba ne ya taka da sandarsa har can, ya ce masa, "Tashi mana, ana jiranka."

Ajin da muka buɗe dominsa bai rufu ba. Muna yinsa ran Alhamis da ƙarfe huɗu, mu tashi kafin biyar da rabi don kowa ya isa gida da sauran rana. Yanzu su biyar ne. Biyu sun taɓa shiga hannun 'yan bindiga, ba mu kuwa tambaye su abin da suka faɗa a can ba sai in sun so faɗa. Sauran ukun ba wanda ya taɓa sace su. A makon jiya ɗaya daga cikinsu ya jira kowa ya fita, ya ciro wani ƙunshi a baƙar leda daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce buhun gero biyu ya ba da aka haɗa masa shi, yana so ya san ko ƙonewa za a yi ko binnewa. Muka ce ya je bayan majami'a ya ɗebo kara, mu kuma muka shiga neman ashana.